Furotin Ɗin da Ya Sauko da Agwagwa

Ga ta nan da zafinta, ko hucewa ba ta yi ba. Jiya-jiyan nan aka yi abin, har yanzu in kuka bi ta layinmu sai takalmanku sun manne a ƙasa, ƙudaje kuwa tun asuba suke walima a ƙofar gidanmu. Ku bari in ɗauko daga farko, don in na fara ta wurin agwagwa ba abin da za ku gane.

Ni ce Narjis, jikar Hajja ta hawa na huɗu a benenmu. Malamarmu ta kimiyya, Abla Tahani, wadda tun da na shiga makarantar nan ban taɓa ganin haƙorinta ba, ta shigo aji ta ce za a yi bajekolin kimiyya a Iskandariyya, birnin bakin teku, kuma yarinya ɗaya tak za ta tafi daga ajinmu. Ta buɗe jaka ta ɗaga tikitin jirgin ƙasa muka gani, ta mayar ta rufe. Wadda ta fi kowa nuna yadda ƙwayar halitta ke ƙera furotin ta fitar da shi, tikiti nata ne. Ni kuwa ban taɓa ganin teku ba. Kogi dai ga shi nan a garinmu Asyut, kullum muna kallonsa, amma ruwan da aka ce ba a hango ƙarshensa, wannan sai a jikin kalanda. Na ce ko zan daina barci sai na ci tikitin nan.

Kwana da kwanaki ina yanka kwali ina mannawa, har na haɗa ƙwayar halitta mai kyau, da fenti da komai. Na ɗora ta kan kujera ta bushe. Sai ga Kawu Zaglul ya shigo da kofin shayi, ya juya baya, ya zauna a kanta.

Kawu Zaglul ƙanin Mama ne, tare muke zaune a wurin Kaka. Siriri ne kamar sillen kara, gashin bakinsa ya fi shi nauyi. Ya taɓa yin ɗan lokaci yana share wani kantin magani, tun daga nan ya ce a riƙa kiransa Dakta, kuma farar rigar da aka ara masa har yau bai mayar ba. Da ya ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsa ya miƙe, ya ɓanɓare kwali daga bayansa, ya juya shi ya duba.

Ya ce, “Wannan ne aikin naki? Abin da ba ya iya ɗaukar ko mutum ɗaya?”

Na fashe da kuka. Ya ce in share hawaye in faɗa masa abin da kwalin yake nufi, ba don bai sani ba, sai don ya ji ko an koya mana daidai. Ina shassheƙa na bayyana masa. Ƙwayar halitta ƙanƙanuwa ce, ido ba ya ganinta, jikinmu duk su ne. A tsakiyarta akwai cibiya, a nan asalin umarni yake, kuma ba ya fita ko da wasa, kwafinsa ake turawa. Kwafin ya isa wurin ribosom, shi kuma ya bi umarnin yana jera amino asid ɗaya bayan ɗaya kamar mai zura 'ya'yan carbi. Carbin ya shiga wani wuri mai ninki-ninki kamar zannuwa, a naɗe shi ya ɗauki siffarsa. Daga nan a ƙunshe shi a 'yar jaka a kai wa Golji, Golji ya shafa masa sukari ya manna masa adireshi, a sake ƙunshe shi a fitar waje. Abin da ya lalace kuma, akwai laisosom, shi aikinsa cinyewa.

Kawu ya kurɓi shayi, ya leƙa baranda, ya dubi kwandunan da matan gidanmu ke saukarwa da igiya suna sayen gurasa, ya dawo idonsa na ƙyalli.

Ya ce, “Ai wannan gidanmu ne, Narjis. Wanda ya rubuta littafin naku a nan ya taɓa haya.”

Kafin in ce uffan ya raba muƙamai. Kaka ce cibiya, don dama ta daɗe rabonta da sauka ƙasa, kuma sirrin ƙosanta na ta'amiyya yana cikin kanta, ba wanda ta taɓa faɗa wa. Ummu Rida ta hawa na uku ce ribosom, za ta soya ƙosai ta zura a zare, furotin ke nan, don a cewar Kawu wake furotin ne, kowa ya sani. Tanti Awatif ta hawa na biyu za ta shanya duk zannuwanta a baranda ta riƙa naɗe abin da ya zo. Madam Firyal ta hawa na ɗaya, mai yin kayan zaƙi na biki, ita ce Golji. Hajji Bayumi na ƙasa shi ne laisosom. Kwanduna kuma su ne 'yan jakunkuna: kowace ta saukar wa ta ƙasa da ita, a kwashe, ta ja kwandonta sama, a sake. Na ƙarshe ya sauka a titi a gaban Abla Tahani.

Wallahi da na ji, ni ma na ga abin ya yi kyau. Kar ku ce ban faɗa ba.

Ya sa farar rigarsa ya bi gida ƙofa-ƙofa, ina biye da shi. Ummu Rida ta tambaye shi ko an sake ɗaukarsa a kantin ne, ya ce kantin ya yi masa kaɗan. Ta ce muƙamin nata ya fi na Hajja ko bai kai ba? Don ita da Kaka tun ban zo duniya ba suke gasar girki, suna gaisawa da murmushi suna ɗanɗana abincin juna da yatsine. Kawu ya ce Hajja zama kawai za ta yi, ribosom shi ne mai aiki. Nan take ta yarda. Madam Firyal, wadda gilashinta ya kai gindin kwalba kauri, mace ce mai bin umarni dalla-dalla, ta so ta san wane irin kaya za ta zuba wa ruwan sukari.

Kawu ya ce, “Duk abin da ya zo a kwando a naɗe. Ki zuba, ki manna takarda, ki tura. Golji ba ya tambaya.”

Ta maimaita a hankali don ta riƙe. Hajji Bayumi kuwa da ya ji aikinsa shi ne cinye duk abin da ya lalace, ya ɗaga hannu sama ya ce tun yana saurayi yake roƙon Allah irin wannan aiki, ranar ko karin kumallo ba zai yi ba.

Mama ce kaɗai ta ɗan yi tsaki. Tana tsince shinkafa ta ce, “Zaglul, kwandon nan da ka ce za a ja sama...” Ya katse ta, ya ce harkar sufuri ce, ba harkar kicin ba. Na ce ko mu gwada sau ɗaya kafin ranar, ya ce gwaji na wanda bai san aikinsa ba ne. Ya je makaranta da kansa ya tsare Abla Tahani da bayani, har ta yarda za ta zo da ajinmu duka bayan darasin ƙarshe, ina jin don ya fita mata daga ofis ne. Amma ta ja ni gefe ta ce in aka ɓata mata yamma a banza, in ci gaba da kallon teku a kalanda.

Jiya muka iso layinmu, Abla Tahani a gaba, 'yan ajinmu a baya, har da Shirin da ke rungume da tata ƙwayar halittar da ta yi da jeli, mai sheƙi, kowa na cewa ita za ta ci. Layi ya cika maƙil. Masu shaguna sun fito da kujeru, barandun da ke kallon namu duk kawuna ne. Zannuwan Tanti Awatif sun rufe rabin gidan, sahu a kan sahu. Hajji Bayumi na zaune a bakin ƙofa da faranti da gurasa a cinya. Can sama Kawu ya bayyana da lasifikar da ya aro wurin mai tallan dankali.

Ya yi jawabi. Ya ce yau Asyut za ta ga abin da manyan likitoci ke leƙawa a madubi suna hasashe. Ya ce a ƙwayar halitta babu matakala, duk wanda ya taka matakala ya ci amanar kimiyya. Kuma don kowa ya shaida cibiya a rufe take, ya kulle ƙofar sashenmu na sama ta ciki, da shi da Kaka da Mama, ya nuna wa jama'a makullin, ya jefo wa Hajji Bayumi. Aka yi tafi. Hajji ya sa a aljihu.

Aka fara. Kawu ya ce wa Kaka ta faɗi yadda take haɗa ƙosanta don ya sanar wa ribosom ta lasifika. Kaka ta ce a gaban layi guda? Ya ce ai kwafi kawai cibiya ke bayarwa, asali yana nan wurinta. Wannan ya yi wa Kaka daɗi. Ta raɗa masa wani abu, ya faɗa da ƙarfi, Ummu Rida ta leƙo ta ce wannan ba ƙosai ba ne, maganin basir ne, Hajja ta riƙe kwafinta, ita da nata za ta yi. Abla Tahani ta dube ni. Na ce wani lokacin akan samu kuskure a kwafi. Ta ce haka ne.

Kaka ta saukar da kwando da niƙaƙƙen wake. Ummu Rida ta kwashe, mai ya yi ƙara, ƙamshi ya cika layi, ta zura ƙosai a zare ta ɗaga, carbi guda mai kyau, 'yan ajinmu suka yi tafi. Zuciyata ta ce teku ga ni nan. Kawu ya ce wa Kaka ta ja kwandonta. Ummu Rida ta riƙe igiyar.

Ta ce, “Haka zai koma? Ba komai a ciki? Kwandon Hajja?”

Kawu ya ce haka tsarin yake. Ta ce tsarin gidan su wa? Ta duba hagu ta duba dama, ba abin da ya nuna sai carbin ƙosan da ke hannunta, ta sa shi a kwando. Furotin ɗinmu na farko, muna ji muna gani, ya haura sama ya shige cibiya.

Kaka ta ciro ɗaya ta ɗanɗana a gaban kowa, ta ce ba laifi, gishiri ne dai ya yi rowa. Kuma tunda an aiko mata, ita ba za ta saukar da wake tsurarsa ba kamar marar gida, ta haɗa da kwanon lemon tsami da ta jiƙa da kanta. Ummu Rida ta ga lemo, ta mayar da gasasshen gauta. Kaka ta ga gauta, ta saukar da cuku. Cuku ya jawo shinkafa da madara, shinkafa da madara ta jawo soyayyen kifi. Kawu na ta faɗa a lasifika cewa kaya ƙasa suke yi, ƙasa, ba sama ba, matan biyu kuwa ko kallonsa ba sa yi, sai “Allah ya ƙara buɗi, Hajja” da “hannunki ya daɗe, Ummu Rida”, kowace na cije da haƙori.

Da ƙyar carbi na biyu ya sauka wurin Tanti Awatif. Ta naɗe shi a ƙyalle tsaf, na fara yi wa Abla bayanin naɗi. Tanti Awatif ta cika kwandon Ummu Rida da kabeji naɗe da shinkafa ta tura sama, ta ɗauki ƙunshin ta shige ɗaki. Kawu ya ce ina za ta da shi, ta saukar wa Madam Firyal mana. Ta fito ta ce abin da maƙwabciya ta aiko mata ne za ta miƙa wa wata a kan idonta? Ita ba a yi mata irin wannan tarbiyya ba. 'Ya'yanta ma sun riga sun fara ci.

Yanzu Ummu Rida na yaƙi gaba biyu, sama da ƙasa. Kwanduna na hawa suna sauka, igiyoyi na sarƙewa, duk abincin gidan na tafiya sama. Barandarmu ta cika da kwanuka har Mama ta fara jerawa a kan injin wanki. Madam Firyal na tsaye da tukunyar ruwan sukari da takarda a hannu, ta ɗumama ta sauke, ta ɗumama ta sauke, ba abin da ya iso. Kwandonta da ta saukar titi don shiri, mai gurasa ya zo wucewa a keke ya ga kwando a rataye, ya jefa gurasa ciki kamar kullum ya yi gaba. Wani mai shago ya ce ƙwayar nan dai ci take yi, ba ta fitarwa, a kai ta asibiti. Wani ya ce ai ga Dakta a sama.

Hajji Bayumi kuwa yunwa ta fara sa shi ganin biyu-biyu. Yana ta ɗaga kai yana tambaya ko wani abu ya lalace, ana ce masa babu. Sai idonsa ya faɗa kan jelin Shirin da ta ajiye a kan dakali, rana ta narkar da gefe ɗaya. Ya tambayi na kusa da shi ko wannan a daidai yake, aka ce ya ɗan zube. Ya ce to aikinsa ne. Kafin Shirin ta waiwayo ya kai cibiya.

Abla Tahani ta duba agogo. Ta ce, “Narjis, ni dai har yanzu ban ga furotin ba.” Ta gyara jakarta a kafaɗa irin gyaran mai shirin tafiya. Na ji teku na ja da baya.

A daidai nan Kaka ta ga Ummu Rida na neman cin galaba, ta bi tsanin baranda ta hau rufin gida inda take kiwo, ta kamo agwagwarta mafi ƙiba, da ranta, ta saukar a kwando. Ummu Rida ta karɓi agwagwa ta tsaya tana tunanin abin da ya fi agwagwa.

Kawu ya ga Abla na shirin juyawa, ya ce kowa ya tsaya, shi da kansa zai sauko da furotin. Ya ruga ƙofa, ƙofa a kulle. Ya leƙo ya ce Hajji Bayumi ya hawo da makulli. Hajji ya ce da wace gwiwar, kuma ba shi ya ce wanda ya taka matakala ya ci amana ba? Ya ce to a sa a kwando. Aka duba, babu kwandon da ba a sarƙe yake ba ko cike da abinci. Sai ya janyo babban kwandon kaba da muke jan tukunyar gas da shi, ya ɗaura igiya mai kauri, ya zagaya ta a ƙarfen baranda, ya ba Mama da Kaka su riƙe. Mama ta ce ya yi wa Allah ya haƙura. Ya ce ya auna komai da ido. Ya shiga, gwiwoyinsa a kunnuwansa, farar riga na kaɗawa, aka fara saukar da shi.

Ya iso hawa na uku ya miƙa hannu ya ce a ba shi furotin. Ummu Rida ta dubi kwando, ta dubi abin da ke ciki, ta dafe ƙirji.

Ta ce, “Yau Hajja ta kai ƙarshe. Ɗanta ta aiko mini.”

“Ummu Rida, wucewa zan yi.”

“Ka gaya mata na gode, ina da irinka ɗaya a ɗaki yana barci. Amma riƙe mata wannan in kun koma.”

Ta rataya masa carbin ƙosai a wuya, ta ɗora masa tukunyar miyar lalo a cinya. Ya kama tukunya da hannu biyu don kar ta zube. Agwagwa kuma ta ga kwandon gidansu, ta ga mutumin da ke ba ta dusa kullum, ta yi tsalle ta faɗa kansa.

Daga nan abin ya daina zama na kowa. Agwagwa na fuka-fuki, kwando ya fara juyi kamar katantanwa, ya sauka cikin zannuwan Tanti Awatif yana juyawa. Zani na farko ya naɗe shi, na biyu ya naɗe na farko, na uku ya haɗa da agwagwa. Tanti Awatif na cewa zannuwan aurenta ne, a yi a hankali, amma duk da haka da ta ga kwandon Hajja zai wuce ta ƙofarta, ta ruga ciki ta rungumo kankana, ta laluba inda take jin cinya ce ta dangwara. Daga cikin zani aka ji wani sauti, ban san na Kawu ne ko na agwagwa ba.

Nauyi ya ƙaru. A sama Kaka ta hango kankana ta tambaya ta wace ce, aka ce ta Awatif, ta saki igiya don ta je ta nemo abin da za ta mayar. Mama kaɗai ta rage. Igiya ta zame fuuu, 'yan ajinmu suka rufe ido, sai wani ƙulli ya maƙale a ƙarfen baranda, kwando ya tsaya cak a gaban Madam Firyal.

Madam Firyal ta gyara gilashi. Ga kwando, ga abu a naɗe fari fat. Tun azahar take jiran wannan. Allah ya taimaka ruwan sukarin ya huce, don tukunyar gaba ɗaya ta juye, tun daga sama har ƙasa, ta bi da cokali tana kankare gindin.

Murya ta fito daga ciki, a shaƙe. “Madam Firyal, ni ne. Zaglul ne.”

Ta ce, “Golji ba ya tambaya.” Ta manna takarda a inda ya fi tudu, ta tura kwandon da sandar tsintsiya.

Ƙulli ya kuɓuce. Kwando ya sauko ya daki ƙasa a gaban takalmin Abla Tahani, ya kife, ƙunshi ya mirgino waje ya tsaya. Kankana ta fashe gida biyu. Miyar lalo ta malalo tana yauƙi cikin ruwan sukari. Agwagwa ta sulalo ta wani ninki, tana sheƙi, ta taka a hankali ta tsakiyar 'yan ajinmu ta shige gida, ta hau matakala abinta. Can sai gashin baki ya leƙo daga zani, carbin ƙosai na nan a wuya, ko ɗaya bai ɓalle ba.

Hajji Bayumi ya matso da gurasarsa, ya sunkuya ya duba ƙunshin, ya tambayi Abla cikin ladabi ko wannan lafiyayye ne ko ya lalace. Ta ce ya dakata. Ta sunkuya ta karanta takardar da ke manne a ƙeyar Kawu. An rubuta: Zuwa ga Abla Tahani.

Ta ce, “Narjis, mene ne wannan?”

Ban san inda bakina ya samo ƙarfi ba. Na ce furotin ne, Abla. Umarninsa daga cibiya ya fito, an rataya masa carbi a wurin ribosom, an naɗe shi a zannuwa ya ɗauki siffa, Golji ya shafa masa sukari ya sa masa adireshi, an ƙunshe shi an fitar da shi, kuma ya iso inda aka rubuta. Ta ce to kayan da suka wuni suna hawa sama fa? Na ce a littafi ma akwai 'yan jakunkunan da ke komawa baya daga Golji, kuma ba sa komawa wayam, suna mayar da abin da yake na can. Ta ce wannan gaskiya ne, amma ba da kankana ba.

Sai muryar Kaka daga sama, tana cewa a sakar mata kwandonta in an gama. Mama ta fara jan igiya. Kwando ya ɗaga kaɗan, wayam, kuma wallahi duk layin nan ido ya koma kan Abla Tahani, don sunanta ne a jikin kaya. Masu shaguna, matan baranda, har mai gurasa da ya dawo. Abla ta gane. Ta nuna Kawu ta ce a mayar da shi ciki.

Kaka ta leƙo ta ce, “Ba a mayar wa mutum abin da ya aiko, 'yata. A wane gida kika tashi?”

Aka fara gunaguni a baranda. Wata ta ce malama guda. Abla Tahani ta yi ja har kunne. Ta buɗe jaka ta laluba. Jan biro, hankici, makullin gida, sai tikiti. Ta dubi farantin Shirin da Hajji Bayumi ya lashe tas, ta dubi Kawu da ke ƙoƙarin fito da hannu ɗaya ƙudaje na yi masa maraba, ta dube ni. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta sa jaka ta rufe baki, jakar ba ta isa ba, kuma jama'a, na gani da idona: Abla Tahani wushirya gare ta.

Ta jefa tikitin a kwando ta ce a ja. Ta ce yaran nan ko sun tsufa sun manta sunayen jikokinsu, ba za su manta hanyar furotin ba.

Na tsaya ina kallon tikitina na hawa sama, hawa ɗaya, hawa biyu, ina addu'a kar wata ta ɗora masa miya. Shirin ta daina yi mini magana, amma na yi mata alkawarin kwalbar ruwan teku.

Kawu kuwa, ana ɓanɓare shi daga zani da ruwan ɗumi a tsakiyar layi, yana gaya wa masu shaguna cewa haka ya tsara tun farko. Ya ce ƙosai yaudara ce don a ɗauke hankalin jama'a, ainihin furotin shi ne, kuma ba kowane likita zai yarda ya shiga gwajinsa da jikinsa ba. Mai shago ya ce agwagwar fa, Dakta? Ya ce mataimakiya ce. Hajji Bayumi na gefensa yana ciro ƙosai ɗaya-ɗaya daga wuyansa, yana cewa da sukari ma ba laifi.

Na ɗauka an gama. Ashe Kaka ta karɓi kwando, ta juya tikiti gaba da baya, ta tambayi Mama nawa ne darajar wannan a abinci. Kafin Abla ta kai ƙarshen layi, sai ga kwando ya sauko da faranti a rufe, tantabaru biyu cike da alkama, aka bi ta da shi da gudu.

Yau da safe ina shiga aji na tarar da farantinmu a kan teburina, an rufe shi da ƙyalle, da ɗuminsa. Abla Tahani na rubutu a allo, ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce in gaida Hajja, in ce mata basbusa ce, kek ɗin nan mai ruwan sukari, ta hannunta. Na kawo gida. Kaka ta ɗanɗana, ta ce ba laifi, sukari ne dai ya yi rowa. Yanzu haka da nake ba ku labarin nan tana kan rufi tana zaɓen agwagwa.

Ƙurunƙus, kan kwando, shi ma kar ku maido mini da shi wayam.